Magini a Fagen Wasa: Sharhi a kan Aikin Demas Nwoko da Gadon Ƙasar Dutse

A cikin sana'o'in da zamani ya zo mana da su akwai wata wadda har yau ba ta sami wurin zama sosai a ƙasar Hausa ba, alhali kuwa kayan aikinta sun daɗe jibge a ƙofar gidanmu. Ita ce sana'ar mutumin da yake shirya wasan kwaikwayo, amma bai yarda wasan ya tsaya ga zance da ba da labari kaɗai ba, sai ya gama shi da zane da sassaƙa da ɗinki da gini, har ya zamana abin da ido ya gani a fage yana ɗauke da ma'ana daidai da abin da kunne ya ji, wani lokaci ma ya fi shi. Mai irin wannan aiki ba ya bin turbar da ya tarar. Kowane wasa da zai shirya sabon gwaji ne, wanda mai yiwuwa ne ya yi kyau, mai yiwuwa ne ya ɓaci, shi kansa kuma bai san ƙarshensa ba sai ranar da 'yan kallo suka zauna. Mas'alar da muke son mu bi a hankali ita ce: mene ne haƙiƙanin wannan aiki, ta yaya rayuwar mai yinsa take gudana, shin yana da asali a wurinmu ko kuwa baƙo ne ɗungurungum, kuma me zai hana yaron da ya tashi a Dutse, ko Kiyawa, ko Jahun, ko Birnin Kudu, ya riƙe shi sana'a ba tare da ya saɓa wa addininsa ko ya zubar da mutuncin gidansu ba?

Tun da yake ba a gane sana'a sai ta wurin mai ita, ya kyautu mu ɗauki mutum guda mu bi sawunsa, kuma a duk faɗin Nijeriya da wuya a sami wanda ya cancanci wannan kamar Demas Nwoko, wanda ko da yake ba Bahaushe ba ne, a ƙasar Hausa idonsa ya buɗe. An haife shi a shekarar 1935 a Idumuje-Ugboko, cikin Jihar Delta ta yanzu. Ɗan sarkin garin ne, ya kuwa tashi a gidan sarauta, inda gini da ado da bukukuwa suke tafiya tare. A 1957 ya zo Zariya ya shiga sashen koyon zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, wadda a 1962 ta zama ginshiƙin Jami'ar Ahmadu Bello. A wancan lokaci galibin malaman sashen Turawan Ingila ne, manhajar kuma ta ƙasarsu ce. A 1958 shi da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da waɗansu 'yan uwansu ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya, su ne waɗanda daga baya aka yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. Iyakacin tawayen nasu shi ne sun ce za su karɓi dabarun da Bature ya zo da su hannu bibbiyu, amma ruhin aikin da kamanninsa daga gadon iyayensu za su ɗebo, kowa ya koma ya binciki abin da ƙasarsu ta mallaka, ya gauraya shi da sabon ilmi har su zama abu guda.

Tun a wancan zamani mai lura yana iya hango mai shirya wasa a cikin mai zanen. Akwai wani zane nasa da ya shahara, wanda ya sa wa suna Nijeriya a 1959, inda ya jera Turawan mulki zaune a kan kujeru, fuskokinsu a yamutse da gajiya, bayansu kuma baƙaƙen masu tsaronsu a tsaye cikin duhu, da ƙyar ake rarrabe su da bango. Babu wanda ya yi magana a cikin zanen, amma ta wurin wanda aka zaunar da wanda aka tsayar, da wanda aka haska da wanda aka bari a inuwa, an faɗi duk abin da za a faɗa game da mulkin da yake gab da ƙarewa da mutanen da suke jiran ranarsu. Wannan kuwa shi ne ainihin ilmin fagen wasa: sanin inda za a ajiye mutum, da irin hasken da za a saukar masa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da ya gama karatu a Zariya a 1961 ya wuce birnin Paris na ƙasar Faransa ya koyi tsara fagen wasa, sa'an nan a 1963 ya kama aikin koyarwa a Makarantar Wasan Kwaikwayo ta Jami'ar Ibadan, inda ya zauna har 1978.

A nan ya kamata mu tsaya mu bayyana bambancin aikinsa da na sauran, domin shi ne zuciyar maganar. A yadda aka saba, marubuci ne yake fara rubuta wasa, 'yan wasa su haddace, sai ranar nunawa ta matso a nemo wani ya shafa fenti a jikin labule, a aro riguna, a ce an shirya. Ke nan zane da sutura bayi ne ga magana, in babu su ma wasan zai gudana. Shi kuwa Nwoko sai ya juya al'amarin: siffar fage da launin sutura da motsin jikin ɗan wasa su ne harsashi, tare ake tunaninsu tun ranar farko, domin rigar da aka sa wa mutum ita take hukunta yadda zai taka, faɗin fili shi yake hukunta yadda taron 'yan rawa zai watsu ya haɗu, wurin da aka zaunar da mai kallo kuma shi yake hukunta abin da zai gani da abin da zai ɓuya masa. A 1963, da aka mai da labarin Amos Tutuola na mashayin bammi wasan waƙa da Yarbanci tare da ƙungiyar Kola Ogunmola, labarin da yake cike da aljannu da dodannin daji waɗanda babu yadda za a yi a kawo su fage da kamanninsu, Nwoko ne ya ƙera musu sutura da siffofi, ya tsara fagen, har wasan ya zama abin kwatance a tarihin wasannin Nijeriya. A 1966 ya kai wasan Danda, wanda aka ciro daga littafin Nkem Nwankwo, babban bikin fasahar baƙar fata na Dakar. A 1977 kuma, a bikin FESTAC na Ikko, ya nuna wasan rawa mai suna Children of Paradise. A tsakanin haka, a 1970, ya buga maƙala a mujallar Présence Africaine a kan neman sabon wasan kwaikwayo na Afirka, domin shi a wurinsa aikin hannu da aikin tunani ba su rabu ba.

Wanda ya ɗauki fage da wannan muhimmanci ba zai daɗe yana haƙuri da ɗakin da wani ya gina don wata bukata dabam ba. Daga 1967 Nwoko ya fara gina wa kansa wurin aiki a kan wani tudu a Ibadan, wanda ya kira New Culture Studios, ya haɗa ɗakin zane da na sassaƙa da filin wasa mai matakalai a wuri guda. Lokacin yaƙin basasa ne, kuɗi da kayan gini sun yi wuya, sai ya koma ga jar ƙasar da take ƙarƙashin ƙafarsa, yana gauraya ta da siminti kaɗan yana buga bulo, yana kuma tsara tagogi da rufi yadda iska za ta ratsa ɗaki, haske ya shigo ba tare da zafi ba. Bai taɓa zama a ajin koyon tsara gine-gine ba, amma da mutane suka ga aikin sai suka fara kawo masa nasu: wajen 1970 limaman Kirista na ɗariƙar Dominican suka ba shi ginin ɗakin ibadarsu a Ibadan, gwamnati kuma ta ba shi tsara babban gidan wasa da al'adu na birnin Benin, wanda ake kira da sunan Oba Akenzua. A gefe guda yana ƙera siffofin yumɓu bisa koyi da tsofaffin kayan Nok, yana yin kujeru da tebura, ya kuma kafa mujalla mai suna New Culture a 1978.

Kada mai karatu ya zaci hanyar shimfiɗaɗɗiya ce. In muka dubi yadda ya ci abinci za mu ga ƙafafu uku ya tsaya a kansu: albashin jami'a na shekara 15, da ladan aikin gini, da abin da hannunsa ya ƙera ya sayar, wasan kansa, wanda shi ne abin ƙaunarsa, ya fi cin kuɗi bisa ga kawo su. Mujallar ba ta yi tsawon rai ba. Gidan wasan Benin ya haura shekara 20 kafin a kammala shi. Babbar lambar girmamawa ta duniya kuwa ba ta iso shi ba sai a 2023, yana da shekara 87, sa'ad da aka ba shi Zakin Zinariya a baje kolin gine-gine na birnin Venice a ƙasar Italiya. Akwai abin lura a nan, wanda ya cancanci duk mai sha'awar wannan sana'a ya riƙe shi: a kan gini aka girmama shi, ba a kan wasa ba, domin gini yana nan tsaye kowa ya je ya gani, wasa kuwa da an tashi ya wuce, sai 'yan hotuna da abin da ya saura a zukatan waɗanda suka halarta, su kuma kullum raguwa suke yi. Wannan ita ce babbar illar sana'ar, kuma maganinta ɗaya ne, watau adana aiki tun yana ɗanye.

Nwoko ba shi kaɗai ba ne a duniya, kuma abin sha'awa shi ne mafi yawan takwarorinsa ta ƙofar zane suka shigo fagen wasa. Tadeusz Kantor na ƙasar Polan mai zane ne kafin ya kafa ƙungiyar Cricot 2 a 1955. Robert Wilson na Amurka zane da tsara gini ya karanta kafin ya shirya Einstein on the Beach a 1976, wasan da aka gina a kan haske da motsi a hankali maimakon labari. William Kentridge na Afirka ta Kudu da gawayi yake zane, ya kuma shigar da zanen cikin wasanninsa. Werewere Liking, 'yar Kamaru, ta kafa unguwar masu fasaha ta Ki-Yi a Abijan a 1985, inda ake koyon zane da kiɗa da wasa a tsakar gida ɗaya. A gida ma Zariya ba ta daina haihuwa ba, domin Jelili Atiku, wanda ya shahara da fita titi cikin sutura mai ban al'ajabi don jan hankali ga zalunci, a Jami'ar Ahmadu Bello ya koyi fasaha. Otobong Nkanga kuwa, wadda take haɗa saƙa da zane da wasa a Turai, a Kano aka haife ta a 1974.

To, sai mu juyo gida mu tambaya: shin haɗa abin gani da abin ji baƙon abu ne a ƙasar Dutse? Amsar tana rubuce a jikin duwatsun Birnin Kudu. A Dutsen Habude da Dutsen Mesa da maƙwabtansu akwai zanen shanu da waɗansu dabbobi wanda magabata suka yi da jan launi tun zamani mai nisa, kuma a cikin shekarun 1950, sa'ad da Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya je ya bincika, sai ya tarar a kusa da zanen akwai duwatsu masu amo, waɗanda jikinsu ya lotsa saboda yawan bugu, in an ƙwanƙwasa su sukan ba da sauti iri iri, har a wancan lokaci kuma ana danganta wuraren da al'adun biki. Zane a bango, kiɗa a gefensa, taron jama'a a tsakani: ai waɗannan su ne rukunan abin da muke magana a kai, kuma ga su a masarautar Dutse tun kafin a san akwai wata ƙasa wai ita Faransa. Yau wuraren suna ƙarƙashin kulawar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, amma ɗalibai nawa ne daga makarantunmu aka taɓa kaiwa su tsaya a gabansu su yi tunani?

In an ce wannan tsohon zance ne, to, a dubi tashe, wanda yara suke fitowa da shi bayan azumi ya kwana goma. Yaron da zai yi Tsoho da Gemu ya san tun kafin ya buɗe baki dole ya nemo auduga ya manna a haɓa, ya sami tsumma da sanda, ya ranƙwafa. Mai yin Jatau Mai Magani ya san sai ya rataya tarkacen saiwoyi da ƙulle-ƙulle. 'Yan matan da suke yin Mairama da Daudu su ma da nasu kayan. Babu wanda ya koya musu a aji cewa sutura ita ce rabin wasa, amma sun sani, har ma sun san cewa ƙofar gida da hasken fitila da da'irar masu kallo sun isa fage. Haka wasan gauta na matan fada, inda ake kwaikwayon sarki da hakimansa da shigarsu da takunsu, haka kalankuwa bayan kaka, inda samari suke kafa hukumar wasa da sarautunta da tufafinta. A cikin waɗannan duka da ido ake fara gane wane ne wane, magana daga baya take zuwa.

Mafi girma duka shi ne hawan salla. Duk wanda ya tsaya a Dutse ranar hawa ya ga yadda ake jera tawaga bayan tawaga, kowane hakimi da launin da ya zaɓa wa mutanensa, ga 'yan lifidi da 'yan sulke da kwalkwali, ga dogarai cikin ja da kore, ga laima tana juyawa a bisa kan sarki, kakaki da algaita da tambari suna sanar da isowarsa tun ba a hango shi ba, sa'an nan a rufe da jahi, ya san cewa a gaban wani babban tsari yake, wanda aka auna farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa. Ba muna cewa hawa wasan kwaikwayo ba ne, domin al'amarin sarauta ne da mubaya'a, yana da alfarmarsa. Abin da muke cewa shi ne, ilmin da ake bukata a shirya shi, da hannuwan da suke yi masa hidima, na baduku da maɗinki da marini da maƙeri da mai ɗinkin aska takwas, su ne dai ilmin da hannuwan da Nwoko ya yi ta nema. Ga kuma fadar Garu a kan duwatsunta, da zayyanar da aka ƙawata bangayenta da ita, tana shaida cewa maginanmu ma ba a bar su a baya ba, su da suka gaji irin fasahar Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

To, in haka ne, me ya sa wasan kwaikwayonmu na zamani ya zama kusan zance tsantsa? Dalilin yana cikin tarihinsa. Ta makaranta ya shigo, a matsayin littafin karatu: Rupert East ya fitar da wasanni shida na Hausa a 1930, aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau a 1949 don koyar da tsabta da amfanin ilmi, Malam Aminu Kano ya yi amfani da wasa don farkar da jama'a. Daga nan ya koma rediyo, inda wasannin Shu'aibu Maƙarfi irin su Zamanin Nan Namu da Jatau na Kyallu suka yi suna, rediyo kuwa ba ta da ido, sai kunne. Da talabijin ta zo, su Samanja da Karkuzu da Kasimu Yero suka riƙe jama'a da kaifin harshe da iya barkwanci, wanda baiwa ce babba da ba mai musunta. Da finafinan bidiyo suka fara a Kano wajen 1990, sai aka gaji wannan hali, aka zaunar da mutane a falo suna musayar magana. Ashe ba rashin gado ne ya kawo haka ba. Hanyar da wasan ya biyo ce ta ciyar da kunne ta bar ido da yunwa.

An taɓa yunƙurin gyara wannan, kuma a Zariya aka yi. A 1975 Michael Etherton, wanda ya yi irin wannan aiki a Zambiya, ya zo Jami'ar Ahmadu Bello ya fara koyar da wasan kwaikwayo, aka kuma gina wa sashen gidan wasa da ƙasa, bisa tsarin wani Ba'amurke mai suna Steven Ehrlich, da hannun maginan Zazzau, a kan siffar gidan Bahaushe: ɗakuna kewaye da fili, ana iya yin wasa a tsakiya, ko a bakin ɗaki, ko a zaga da masu kallo daga nan zuwa can. Daga wannan gida ne malamai irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka riƙa fita da ɗalibai zuwa ƙauyuka, kamar Soba a 1977 da Maska da Bomo daga baya, suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolin manoman. A cikin waɗannan shekaru ne kuma Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan fage, aka buga shi a 1975, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Wannan ya nuna abin mai yiwuwa ne da harshenmu da ƙasarmu da maginanmu; abin da ya rage shi ne bai yaɗu ya fita daga harabar jami'a ya zama sana'ar gari ba.

Akwai hujjoji uku da ake kawowa a kan wannan aiki, kuma babu wadda ta cancanci a yi mata riƙon sakainar kashi. Ta farko ita ce ta shari'a, domin hadisai sun yi gargaɗi mai tsanani ga masu yin sura, kuma gaskiya ne Nwoko, wanda ba Musulmi ba ne, ya ƙera siffofin mutane. Malaman Malikiyya sun yi tafsili a kan mas'alar: surar abu mai rai wadda take da jiki da inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi, haramun ce, wadda aka zana a shimfiɗe a kan takarda ko bango hukuncinta bai kai nan ba a wurinsu, ko da yake akwai malaman da suka tsananta, surar abin da ba shi da rai, kamar itace ko jirgi, halal ce, an kuma yi rangwame a kan 'yar tsanar yara mata. Fatawa ta malamai ce, gare su za a koma. Amma abin da ya kamata a gane shi ne, darasin Nwoko ba ƙera gunki ba ne, darasinsa shi ne kowa ya ɗebo daga rijiyar gidansu. Uche Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo. Musulmin Dutse kuwa in ya koma gida zayyana zai tarar, ta allo da ta Alƙur'ani da ta bango, da dagi, da saƙar tabarma da faifai, da sassaƙar ƙwarya, da shuɗin baba, fasahar da ta yi ɗaruruwan shekaru tana bunƙasa a cikin iyakar shari'a ba ta ƙuntata ba. Haka kuma maganar sutura da cuɗanyar maza da mata: mai shirya wasa shi yake da iko da fagensa, yana iya tsara shi bisa ladabin garinsu.

Hujja ta biyu ita ce wai talaka ba zai fahimci irin wannan wasa ba, na 'yan boko ne da Turawa. Wannan raina jama'a ne. Mutumin da yake duban naɗin rawani ya gane ɗan sarki ne ko malami, ya dubi kayan doki ya faɗi gidan da ya fito, ba za a ce bai iya karatun ido ba. Inda gaskiyar hujjar take shi ne, in mai wasa ya kwaso alamomin da ya gani a wata ƙasa ya jibge su a gaban mutanen Kiyawa, lalle za su tashi su bar shi, kuma su ne da gaskiya. Hujja ta uku ita ce ta abinci, ita ce kuma mafi nauyi, domin babu uban da zai so ɗansa ya kama hanyar da ba ta ciyarwa. Rayuwar Nwoko ta riga ta amsa: wanda ya iya tsara fage ya iya ƙawata zauren biki da rumfar taro, ya iya tsara sutura da ɗakunan fim, ya iya koyarwa, ya iya gini, sana'a goma ce a hannu ɗaya, wasan gwaji kuma shi ne inda ake wasa wuƙar kafin a fita da ita kasuwa.

Saura mu faɗi abin da ya wajaba. Jihar Jigawa an ƙirƙire ta a 1991, Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011, Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa a 2013. Ke nan gidajen ilmin da za su ɗauki wannan nauyi sun samu, kuma ƙuruciyarsu fa'ida ce, domin ba su riga sun daskare a kan wata al'ada ba. Abin da ake bukata bai kai tsadar da ake tsoro ba. Na farko, a daina raba ɗalibin adabi da mai sana'ar hannu: a kawo magini da baduku da marini cikin makaranta a matsayin malamai, a biya su, a kira su da girmansu, ɗalibi ya zauna a gabansu ya koya kamar yadda almajiri yake zama gaban malaminsa. Na biyu, a gina ƙaramin gidan wasa da tubali da azara da makuba, mai zaure da tsakar gida, wanda ɗalibai za su sa hannu a gininsa da yaɓensa kowace shekara, maimakon a jira babban zauren siminti da zai ci shekaru ba a gama ba. Na uku, a rubuta, a ɗauki hoto, a adana zanen kowace riga da kowane fage, tun da yanzu wayar hannu ta sauƙaƙa abin da ya gagari mutanen 1963. Na huɗu, masarauta da hukumar al'adu ta jiha da attajirai su ɗauki nauyin gwaji ko da bai yi nasara ba, domin wanda ba a yarda ya yi kuskure ba ba zai taɓa ƙago kome ba.

Shi kuma saurayi ko budurwar da Allah Ya ba wannan baiwa, nasiharmu gare su ita ce su lura da tsarin da Nwoko ya bi: ya ƙware a sana'a guda tukuna, watau zane, kafin ya ɗora ta biyu, ya je ƙasar waje ya koyo dabara, ya dawo bai zauna can ba, ya nemi abin da zai riƙe shi don kada yunwa ta sa ya sayar da ra'ayinsa, ya kuma yi haƙurin shekara 60 kafin duniya ta waiwaye shi. Ba a bukatar su zama shi, kuma in suka kwaikwayi siffofinsa sun saɓa wa koyarwarsa. Abin da ake nema gare su shi ne su yi wa zayyana da tashe da ginin ƙasa irin hidimar da ya yi wa gadon mutanensa, da ilmi da ladabi da naciya, har wasan Hausa ya zama abin da ake zuwa gani, ba abin saurare kaɗai ba. Allah Ya ba mu masu himmar, Ya kuma ba shugabanninmu basirar tallafa musu tun suna da ƙarfinsu.